Inda Na Kwana a Kan Sauya Fikof ɗin Jitata ta Bas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon kiɗan bas. Bayan na gama daidaita wuyan jitata na kuma ɗaura mata sababbin tsirkiyoyi, aikin ya iso kan fikof, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi tana mayar da motsinsu zuwa lantarkin da amfilifaya ke ƙarawa. Na tsai da shawara kan wanda zan saya, kuma ina so in shimfiɗa muku yadda na kai ga hakan, domin na lura da yawa daga cikinmu suna fara tambayar wane fikof ne ya fi kyau tun kafin su tantance abin da ke damun wanda suke da shi.

Jitar ta hannu ce, mai tsirkiya huɗu, an ƙera ta a kan samfurin Precision, wanda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1951. Abubuwa biyu ne suke damuna da ita. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri, sautinta yana fitowa a dunƙule, ba a bambance gaɓa (wurin danna tsirkiya a wuyan jita) ta farko da ta uku idan ganguna suna tashi. Sannan idan na ƙwanƙwasa murfin fikof ɗin da farce, ƙarar tana fita ta lasifika sarai, idan kuma na ƙara murya sai ya kama kuwwa. Wannan alama ce ta cewa wayar da aka naɗa a ciki ta saki, tana rawa da kanta, abin da ake hanawa ta hanyar tsoma naɗin cikin narkakken kaki tun a masana'anta.

Kafin in ɗora laifin a kansa, sai da na kawar da sauran zato. Na danne tsirkiya a gaɓa ta ƙarshe na auna tazarar da ke tsakaninta da kan maganaɗisu. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga tsohuwar ƙirar irin wannan fikof shi ne kimanin milimita 3.2 a ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri da 2.4 a ɓangaren sirara. Da na kwance sukurorin, na tarar soson da ke ƙasa, wanda ya kamata ya riƙa tura fikof ɗin sama, ya mutu ya zama gari baƙi mai manne wa yatsa. Na sa sabon soso, na ɗaga fikof ɗin zuwa ma'auni, sautin ya ƙaru sosai, amma dunƙulewar da kuwwar suna nan. Na kuma ɗora mitar auna lantarki a kan wayar jita da maɓallin murya a buɗe gaba ɗaya, ta nuna naɗin bai tsinke ba. Da na juya fikof ɗin na ga yadda aka yi shi: sandunan ƙarfe ne kawai, an manna musu falle na maganaɗisun siramik a ƙasa da gam.

Akwai ƙara guda wadda sabon fikof ba zai magance ba, kuma gara a san da ita kafin a kashe kuɗi. Idan jita tana zuza, amma zuzar ta ragu da zarar ka taɓa tsirkiya, matsalar tana wajen rufin ramin wayoyi, maganinta kuwa shi ne a shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramin a haɗa shi da bayan fot, wato na'urar da ke ƙarƙashin maɓallin murya. Gurnanin wutar lantarki daban yake. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, alhali sautin G da ke gaɓa ta uku a tsirkiyar E yana kan 49, E ɗin kanta kuwa tana kan 41 da 'yan kai. Ke nan gurnanin yana zaune a daidai wurin da bas ke aiki, ba za ka rage shi a amfilifaya ba tare da ka rage kiɗanka ba.

Wannan ne ya sa ban ko yi tunanin barin tsarin Precision ba. Tun 1957 aka raba fikof ɗinsa gida biyu, ɗaya yana ɗaukar E da A, ɗaya D da G. An naɗa wayar ɗayan a juye, an kuma juya fuskar maganaɗisunsa, saboda haka gurnanin da rabi ɗaya ya kwaso sai ɗaya rabin ya soke shi, sautin tsirkiya kuwa ya wuce lafiya. Masu bas samfurin Jazz na Fender, wanda ya fito a 1960, suna samun wannan sokewa ne kawai idan sun buɗe fikof biyun daidai wa daida. Ku masu irin wannan jita, ku sa ma'auni kafin ku yi oda, domin a ƙirar asali na kusa da wuya ya fi na ƙasa gajarta da kimanin milimita uku, wasu masana'antun kuma sun yi ramukan biyu tsawo ɗaya.

Na duba masu aiki da batir, irin na kamfanin EMG, na ajiye su da wuri. Shirunsu abin sha'awa ne, amma suna bukatar batir mai bolt 9, da sauya fot daga mai kilo-om 250 zuwa mai 25 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), da sabon ramin jona waya. Idan aka manta waya a jone kuma batir yana ci gaba da zuƙewa. Wurin da ke ƙarƙashin murfin jitata ma da ƙyar zai ɗauki batir.

Inda na daɗe ina tunani shi ne tsakanin guda uku. Akwai Quarter Pound na Seymour Duncan, wanda ake kira SPB-3, mai sandunan maganaɗisu masu faɗin rubu'in inci, wato milimita 6.35, yana da ƙarfin fita, ƙasansa cike, samansa da kaifi. Akwai Model P na DiMarzio, mai maganaɗisun siramik da sandunan da ake iya ɗagawa ko saukewa ɗaya bayan ɗaya, wanda tsakiyar sautinsa ke turowa gaba. Sai kuma SPB-1, shi ma na Seymour Duncan, wanda aka yi a kan tsohuwar ƙira, inda sandunan su kansu ne maganaɗisun, na alniko, wato gaurayen alminiyum da nikel da kobal da baƙin ƙarfe.

Zuciya tana karkata ga wanda lambarsa ta fi girma, kuma masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa suke rubuta adadin om a gaba. Amma adadin om yana gaya maka tsawo da kaurin wayar da aka naɗa ne kawai. Tsohon fikof na Precision yana ɗauke da zagaye kusan 10,000 na waya mai lamba 42 a kowane rabi, mita kuma takan nuna tsakanin kilo-om 10 da 11. Idan aka ƙara zagaye, ƙarfin fita yana ƙaruwa, amma wurin da fikof ya fi amsawa yana saukowa ƙasa, sautin ya yi kauri, tsabtarsa ta ragu. Kamar kunu ne da aka cika wa gari: ya fi riƙe ciki, amma ba ya zuba yadda ake so. Ni kuwa ƙorafina tun farko dunƙulewa ce, kuma ƙaramin amfilifayan da nake koyo da shi yana fara kakari tun kafin maɓallinsa ya kai rabi. Fikof mai zafi zai ƙara masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Saboda haka na zaɓi SPB-1. Abin da nake nema shi ne kowace gaɓa ta fito da sunanta, in taɓa a hankali ya amsa a hankali, in ja da ƙarfi ya tashi. A ganina mai koyo ya fi bukatar wannan fiye da kowa, domin fikof mai tsabta ba ya ɓoye rashin daidaiton yatsu, kana jin inda manuniya ta fi ɗan tsakiya ƙarfi sai ka gyara. Wanda yake kaɗawa da tsinke a cikin jitoci masu ƙara yana da hujjar ɗaukar Quarter Pound, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Shi ma siramik ba aibu ba ne, Model P shaida ne. Na jitata dai aikin gaggawa aka yi masa.

Wajen sauraren gwaje-gwajen da ake ɗorawa a intanet, ku sa abin kunne mai kyau. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin E na ƙasa, don haka duk fikof ɗin za su yi kama da juna a cikinta. Ku kuma nemi gwajin da aka yi da jita ɗaya da tsirkiyoyi iri ɗaya, domin tsirkiya mai santsi da mai kaushi suna sauya sauti fiye da yadda fikof biyu masu kama da juna za su sauya shi. Jabu kuma suna da yawa a kasuwa. Idan farashi ya faɗi ƙasa da rabin na dillalai, a ja da baya.

Abin da ya rage shi ne ɗaurawa. Wayoyi biyu ne kacal, fara zuwa ƙafar fot ɗin murya, baƙa zuwa bayansa, kuma zan ɗauki hoton yadda suke kafin in narka dalma ko ɗaya. Zan bar fot biyu masu kilo-om 250 da kafasito mai maikirofarad 0.047, wato ɗan abin da ke rage kaifin sauti, yadda suke, don kada in sauya abubuwa da yawa lokaci guda in kasa sanin wanda ya kawo bambancin. Na riga na naɗi sautin tsohon fikof a kan tsirkiyar E daga gaɓa ta farko zuwa ta biyar, na kuma yi wa maɓallan amfilifaya alama da tef, domin in maimaita gwajin daidai idan sabon ya iso, in sha Allah, sannan in kawo muku sakamakon.