Kanwa, zoɓo da ledar ƙarin ruwa: yadda na shirya da kemistiri

Karon farko da na zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, kemistiri ne ya kayar da ni. Ba na ganin laifin kowa. Ina da kiredit ɗinsa a takardar NECO, kuma da shi na cika sharaɗin darussan nan biyar, wato Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Amma ni da zuciyata mun san yadda kiredit ɗin ya samu: hadda ce ta sati uku, wadda ta zube tun kafin in kai bakin ƙofar makaranta.

Har yau ina tuna tambayar da ta fara rikita ni. An narkar da giram 4 na NaOH, wato sodar da ake yin sabulu da ita, a ruwa, aka samu 250 cm³, wato mililita 250, aka ce a faɗi ƙarfin haɗin. Na san nauyin mol ɗaya na NaOH giram 40 ne, don na haddace (mol ma'auni ne na ƙirga ƙwayoyin sinadari, zan zo kansa a gaba). Na raba 4 da 40, na samu 0.1. Daga nan sai na raba da 250 kai tsaye, na samu 0.0004, na ɗaga kai na ga amsar tana nan zaune cikin zaɓin da ke allon kwamfuta. Murna ta kama ni, na danna. Sai da na dawo gida na gane cewa 250 cm³ rubu'in lita ne, wato 0.25, kuma amsar gaskiya 0.4 ce. Masu tsara tambaya sun san kuskuren da ɗalibi zai yi, sai su ajiye masa shi cikin zaɓi kamar tarko. Da sunaye suka fito babu nawa, na kwana biyu ban leƙa tsakar gida ba.

Wadda ta fito da ni daga ɗaki maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda duk unguwa ke ce wa Sista, ni kuwa Mama nake ce mata. Ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a tabarma tana tsince zoɓo.

Ta ce, "'Yar nan, an ce kemistiri ya yi miki rashin mutunci."

Na ce, "Wallahi Mama, ba ya shiga kaina."

Ba ta ce komai ba. Ta sa na jiƙa zoɓo, na tace, na raba a kofin gilashi uku. Ta ce in matsa lemun tsami a na farko. Jan ya ƙara haske, ya yi jawur. Ta ce in jiƙa 'yar kanwa in ɗiga ruwanta a na biyu. Ina ɗigawa sai launin ya juya, ya koma wani duhu-duhu tsakanin shuɗi da kore, kamar ba zoɓo ba. Na uku muka bar shi yadda yake. Sannan ta ɗauki guntun kanwa ta matsa masa lemun tsami, ya hau kumfa yana ɗan tsuwa.

Ta ce, "To ga babi guda na littafinki nan a gabanki. Lemun tsami asid ne, kanwa alkali ce, zoɓo kuwa ɗan rahoto ne, yana gaya miki wanda ya shigo. Kumfar nan iskar CO₂ ce, irin wadda kike fitarwa in kin yi numfashi."

Shekara uku na yi a babbar sakandare ina maimaita cewa asid na mayar da shuɗiyar takardar litmos ja, ban taɓa riƙe takardar a hannuna ba. Ashe kullum ina shan darasin: kunun tsamiya yau, kunun kanwa gobe. Tsamin nono asid ne, tsamin tsamiya asid ne, ruwan toka da ake sabulu da shi alkali ne. Daga ranar ma'aunin pH ya daina zame mini jerin lambobi. Bakwai ita ce tsakiya, wurin tsabtataccen ruwa. Ƙasa da ita asid, sama da ita alkali. Abin da na fi jin daɗin ganewa shi ne kowane taki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne. Abu mai pH 3 ya fi mai pH 5 ƙarfin asid sau ɗari, ba sau biyu ba. Wannan tambayar suna son ta ƙwarai, na gan ta a tsofaffin takardu fiye da sau ɗaya.

Mama ta ƙara da nata na asibiti. Ta ce ruwan da ke cikin tumbin mutum na ɗauke da asid ɗin da ake kira HCl, pH ɗinsa kan sauka ƙasa da 2, shi ya sa mai ƙwannafi ke jin kamar wuta a ƙirji, kuma farin maganin nan mai kama da alli da ake ba shi alkali ne mara ƙarfi da ke kashe kaifin asid ɗin. Jini kuwa ba ya wasa: tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama. In ya kauce kaɗan, mutum na cikin hatsari. Abin da ke riƙe shi a wurin shi ne haɗin bayikabonet da CO₂, huhu na fitar da ɗaya, ƙoda na kula da ɗayan. Ta ba ni labarin yadda mai ciwon suga da abin ya tsananta ke yin wani dogon numfashi mai zurfi, jikinsa ne ke ƙoƙarin korar CO₂ don rage asid a jini.

Sai muka koma tushe, wato ƙwayar atam. Nan ban wahala sosai ba, don abin ƙirge ne. Furoton da nutiron a tsakiya, elektiron na zagayawa a waje. Yawan furoton shi ne lambar sinadari a jadawalin nan da Mendeleev, mutumin Rasha, ya fara tsarawa a 1869. Sinadarai ashirin na farko dole a haddace su a jere, wannan kam babu wata dabara. Amma na daina haddace halayensu, don jerin elektiron ɗinsu na faɗa mini. Sodiyam lambarsa 11, jerinsa 2, 8, 1. Guda ɗayan nan na waje ya zame masa kaya, yana neman wanda zai sauke wa. Kulorin lambarsa 17, jerinsa 2, 8, 7, saura ɗaya ya cika takwas. Mai neman kai da kaya ya haɗu da mabuƙaci, sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, aka samu gishirin da muke sa wa a miya. Wannan shi ne haɗin kyauta, wanda littafi ke kira ayonik. Ɗaya haɗin, kobalent, cin kwano ɗaya ne: babu mai ba wani, kowa ya kawo nasa a haɗa a yi tarayya, kamar yadda haidirojin biyu da oksijin ɗaya suke yi su zama ruwa.

Wani abin da ya taɓa ba ni haushi shi ne alamomin da ba su yi kama da sunayensu ba. Me ya haɗa sodiyam da Na, ko fotasiyam da K, ko ƙarfe da Fe? Ashe daga sunayensu na Latin ne. Mama ta ce gara in saba da su tun yanzu, don a takardar sakamakon gwajin jini Na da K zan riƙa gani. Sodiyam a jinin lafiyayye tsakanin 135 da 145 yake, fotasiyam tsakanin 3.5 da 5, duka a ma'aunin milimol cikin lita. Fotasiyam in ya haura ko ya faɗi, bugun zuciya ne ke rikicewa.

Kalmar milimol ɗin nan, wato kashi ɗaya cikin dubu na mol, ita ce ta kai mu ga dodona, wato mol. Nan muka fi daɗewa, kusan wata guda.

Matsalata ita ce ina ɗaukar mol a matsayin nauyi. Ba nauyi ba ne, ƙirge ne. Mama ta ce in tuna kiret ɗin ƙwai. Kiret talatin ne, ko na kaza ko na zabuwa ko na talotalo. Yawan ɗaya ne, amma in kin ɗora su a sikeli nauyinsu ya bambanta. Haka mol yake: kiret ne na ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai dai maimakon talatin, yana ɗauke da 6.02 × 10²³, lambar da ake kira da sunan Avogadro. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, don sodiyam 23, kulorin 35.5. Mol ɗaya na gulukos, C₆H₁₂O₆, giram 180 ne. Kiret ɗaya, nauyi daban-daban.

(Wannan 35.5 ɗin ma ta daɗe tana damuna, don ina tunanin yaya za a yi rabin nutiron. Ashe kulorin iri biyu ne a gauraye, mai nauyin 35 kusan kashi uku cikin huɗu, mai nauyin 37 kashi ɗaya. Matsakaicinsu ne 35.5. Su ne ake kira aisotof, kuma wasu irinsu, kamar ayodin mai nauyin 131, ana maganin wasu cututtukan maƙoƙo da su.)

Wata rana ta fito mini da tsohuwar ledar ƙarin ruwa wadda babu komai ciki, ta ce in karanta abin da ke jiki. An rubuta 0.9%. Ta ce, "Giram nawa na gishiri ke cikin lita ɗaya?" Na yi shiru. Ta ce kashi 0.9 cikin ɗari na nufin giram 0.9 a kowane mililita 100. Na ninka da goma, na ce giram 9. Ta ce ledar ta rabin lita ce, nawa ke ciki? Na ce huɗu da rabi. Ta ce to a mayar da giram 9 ɗin zuwa mol. Na raba 9 da 58.5, na samu 0.154. Ta nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasan ledar da yatsa: 154 mmol, wato milimol 154 a lita. Tsigar jikina ta tashi. Lissafin da na yi da biro a bayan kwalin ashana shi ne kamfanin magani ya buga a jikin leda.

Ta ce, "Kin ga wannan ɗigon da ke tsakanin 0 da 9? In kika matsar da shi gida ɗaya a jarrabawa, maki ɗaya kika rasa. In kika matsar da shi a gefen gadon mara lafiya, sai dai Allah ya kiyaye."

Daga nan ta bayyana mini dalilin da ya sa ba a ɗura wa mutum zallan ruwa a jijiya. Ruwa na bin inda gishiri ya fi yawa, ya ratsa fatar ƙwayar halitta. In aka sa ruwan da babu gishiri, jajayen ƙwayoyin jini za su sha su kumbura su fashe. In gishirin ya yi yawa, su motse kamar yadda yankakken tumatir ke zubar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri. Kashi 0.9 ɗin nan shi ne ya yi daidai da jini. Ta ce ko ruwan gishiri da suga da ake haɗa wa yaro mai gudawa, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, awon nan ba ado ba ne, kemistiri ne.

Lissafin sirki kuwa, C₁V₁ = C₂V₂, wato ƙarfi sau yawa kafin a sirka daidai yake da ƙarfi sau yawa bayan an sirka, da ruwan bilic na koye shi. Wanda muke saya a shago ƙarfinsa kashi 3.5 ne, wanda ake jiƙa kayan aiki a ciki kashi 0.5. Uku da rabi a raba da rabi, bakwai ke nan: awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa. Kuskuren da na fara yi shi ne cewa ruwa bakwai. Bakwai ɗin jimla ce, har da bilic ɗin a ciki.

Sauran babuka ban ba su lokaci kamar waɗannan ba, kuma ban yi nadama ba. Dokokin iska na riƙe su da numfashi: ƙirji ya buɗe, matsin da ke ciki ya ragu, iska ta shigo, dokar Boyle ke nan. Sai a tuna ƙara 273 a mayar da zafi zuwa ma'aunin Kelbin kafin a fara lissafi. A kemistirin kabon na tsaya kan sunayen farko da bambancin ire-iren haɗin kabon da haidirojin da kuma giya da asid ɗin da ke cikin binega. Abu ɗaya da ya zauna mini daram shi ne bambancin CO₂ da CO. Na biyun shi ne ke cikin hayaƙin janareta da garwashin da aka kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin ke kama shi sama da sau ɗari biyu.

A ganina masu cewa a sayi tsofaffin tambayoyi a yi ta bi suna da gaskiya, amma rabinta. A karon farko na bi su, sai dai amsoshin nake haddacewa: lamba kaza B, lamba kaza D. A karo na biyu sai na riƙa rufe zaɓin da tafin hannu, in yi lissafina a takarda har in samu amsa, sannan in buɗe. Kuma na ɗaukar wa kaina al'ada ɗaya wadda Mama ta tilasta mini: duk lambar da na rubuta sai na rubuta ma'auninta a gefe, giram ne ko mol ko lita. In na kawo mata lamba tsirara, sai ta ce, "Huɗu me? Awaki?" Na ware ƙaramin littafi na kurakurai kawai, ina duba shi bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Da na ƙirga, fiye da rabin abin da ke ciki mantuwar raba cm³ da dubu ce ko ɗigon da ya kauce, ba rashin sanin kemistiri ba. Na kuma koyi raba lambobi da hannu, don ban yarda in dogara da kalkuleta ba.

Ranar jarrabawa ta biyu, tambayoyin kemistiri na fara buɗewa, saɓanin da, da nake barin su sai ƙarshe lokaci ya ƙure. Wajen ta bakwai ko ta takwas sai ga wata: giram nawa na gulukos ke cikin mililita 500 na haɗi mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Na rufe zaɓin da hannu kamar yadda na saba, har mai sa ido ya matso ya leƙa ko wani abu nake ɓoyewa. Giram 5 a mililita 100, sau biyar, giram 25. Na ɗaga hannuna, 25 na nan a C, 2.5 kuma na zaune a A tana jiran wata.

Da sunaye suka fito na je gidan Mama da gudu, ko mayafi ban gyara ba. Ta saurare ni har na gama, ta yi hamdala, ta sa mini albarka. Sannan ta ce in zo ranar Asabar da littafi da biro, za mu fara lissafin ɗigon ƙarin ruwa a minti ɗaya, don watannin farko a makarantar sun fi jarrabawar shiga zafi.