Wai ai abin da nake so nake yi

Tun da na ajiye alli na buɗe shagon ɗinki a wajajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ba maganar da ke ƙona mini rai kamar a ce, "Malam, ai kai ka huta, abin da kake so kake yi." Ban taɓa musun cewa ina so ba. Amma na lura mai faɗin haka, yawanci ya zo karɓar rigarsa ne ba da cikon kuɗi ba.

Aikin allura na koya a hannun kawuna a Daura, tun ina yaro. Surfanin babbar riga, aska biyu, aska takwas, da zaren tsamiya idan an samu mai son na gargajiya. Duk shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Katsina, da dare nake zama da allura, kuma a lokacin ne kaɗai nake jin ni ne ni. A ƙarshen 2022 na bar aikin. Kawu bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, allura ka iya, ba ka iya kasuwa ba tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne."

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta ɓace, sai ka ba mai POS wani kaso kafin ka riƙe kuɗinka a hannu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ga Babbar Sallah ta matso, ga janareta sai ya sha kafin guga ta yi zafi. Wannan bai dame ni can ba, domin ya shafi kowa.

Abin da ban zata ba shi ne allurar da na bar albashi dominta, ita ce abin da na fi ƙarancin taɓawa. Wuni yana ƙarewa a awo, da yanka, da sa maɓalli, da sauraron wanda ya ce hannun kaftaninsa ya yi tsawo, da hawa mota zuwa Kantin Kwari a Kano sarin shadda. Mai son aikin hannu kuma ɗai-ɗai ne. Aska takwas da zan yi makonni a kanta, injin kwamfuta yana fitar da kamanninta a wuni guda, kuma mutane da yawa ba su damu da bambancin ba.

Sai bashi. A nan ne jarina ya tafi.

Kafin Babbar Sallar waccan shekarar, wani babban mutum da nake jin nauyinsa ya kawo aikin manyan riguna, nasa da na 'ya'yansa, duk aikin hannu. Daɗi ya kama ni, don irin aikin da nake mafarki ke nan. Da kuɗina na sayi shadda da zare, na mayar da ƙananan ɗinkuna masu biya nan take don in ba nasa lokaci. Idanuna har ruwa suke yi da dare. Ya zo ya yaba, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce, "Malam, ai kai don so kake yi, bayan Sallah za mu haɗu." Salla nawa ta wuce, ina hango rigar a jikinsa a wuraren ɗaurin aure. Idan mun gaisa, ni ne ma nake jin kunya. Har yanzu idan na tuna, ba kuɗin kaɗai ke min ciwo ba, a'a, yadda aka ɗauki son da nake wa aikin aka mayar da shi lada, kamar na riga na karɓi haƙƙina.

Duk mai shirin barin aiki don sana'ar da yake so, ina roƙonsa ya zauna da mai shago, ba mai koyar da sana'ar ba, ya tambaye shi yadda wuninsa ke tafiya daga safe zuwa Magariba. Ya tambayi watannin da ba Sallah ba biki, musamman damina, lokacin da kuɗin mutane ke tafiya gona da taki. Kada ya saki albashi sai sana'ar ta fara biyan haya da cefane da kanta. Kuma ya koyi buɗe baki ya nemi kafin alƙalami, ko da mai aikin sa'an mahaifinsa ne. Ni yanzu rabi nake karɓa kafin in zura zare, kuma wasu sun daina zuwa saboda haka. Ban bi su ba.

Na koma koyarwa da safe a wata makarantar, shagon kuma yaro na ɗauka yana riƙe da ɗinkin keke. Aikin hannu sai bayan La'asar, riga ɗaya a lokaci guda, kamar da. Uwargida ta ce fuskata ta fi sakewa yanzu, kuma gaskiyarta. Rigar da ke hannuna ta wani mahayi ce daga Daura, zai sa ta a hawan Sallar Gani, ya kuma biya rabinsa tun kafin in yanka shaddar.