Wasiƙu biyu, da shayin Kawu

Talata, Yamai.

Inna ta ce kada in amsa wa kowa sai na ji ta bakin Kawu, don haka bayan la'asar na hau babur zuwa gidansa a Talladje. Na tarar da shi a ƙofar gida yana hura gawayin shayi. Daga nan ana jin ƙarar duk jirgin da ya ɗaga daga filin Diori Hamani, shi kuwa da kunne kawai yake gane irin injin.

Kamfanoni biyu ne suka kira ni aikin mataimakin matuƙi. Ɗaya babba ne, mai tutar ƙasa, yana zuwa Turai da Asiya da manyan jirage. Ɗayan irin masu tikitin arha ne, tsarin su Ryanair da Air Arabia: jirgi iri ɗaya tak, nasu A320 ne, tafiya gajera, a sauke fasinja a kwashi wasu cikin kamar rabin awa a juya. A rana guda sai mutum ya tashi ya sauka sau huɗu. Da gajiya, amma mafi yawan lokuta a gadonka za ka kwana, kuma hannu yana saurin faɗawa, domin a tashi da sauka ake koyon tuƙi.

A babban kamfani komai layi ne. Ranar da aka ɗauke ka ita ce lambarka, ita ke yanke maka hutu, da hanya, da lokacin da za ka koma kujerar hagu ka zama kwamanda. Ana iya shekaru da yawa ana jira. Ga kwanan otal a garuruwan mutane, ga barci da ke rikicewa saboda bambancin lokaci. Amma albashin ƙarshe ya fi, horo ya fi faɗi, kuma gaskiya zuciyata tana son Boeing 787 tun ina makaranta.

Na zaci Kawu zai ce in bi babba. A da bakanike ne shi a Air Afrique, kamfanin da aka kafa a 1961, ƙasashe 11 suka haɗa hannu har da Nijar, hedikwata a Abijan. Ya miƙo mini kofin farko ya ce, "Ɗana, wa ya kai mu girma a lokacin? A 2002 aka rufe, muka watse. Waɗanda suka samu aiki da wuri su ne masu lasisi a hannu da sa'o'in tashi a littafi." Ya ce matuƙan da suka riga suka zama kwamanda ba su daɗe a zaune ba, mataimaka ne suka sha wuya.

Wannan maganar ta zauna mini. Cikakken lasisin matuƙin jiragen fasinja yana buƙatar sa'o'i 1,500 a sama, ni kuwa da saura. A kamfanin arha zan cike su da sauri, kuma hanyar kujerar hagu ta fi kusa. Abin da na tara a littafina nawa ne, ko kamfani ya rayu ko ya mutu. Sannan dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta tsayar da tuƙin jiragen ƙasa da ƙasa a shekara 65, kowace shekarar jira a kujerar dama daga cikin wannan ake cire ta.

Na ce, "Kawu, kuɗin horon A320 ɗin fa? Sun ce za su riƙa cira daga albashi, in na bar su da wuri kuma in biya saura." Ya ajiye buta ya ce in karanta kwantiragin da idon mai cin bashi, in tambayi shekara nawa za a ɗaure ni, in kuma tabbatar ma'aikacinsu zan zama kai tsaye, ba ta hannun ɗan kwangila ba. Nan ne ake cutar yara, in ji shi.

Da na dawo gida Inna tambaya ɗaya ta yi: wanne zai bar ni in zo salla? Na ce mata duka biyun ba tabbas, amma na arha ya fi tsayayyen jadawali.

Bayan isha'i na rubuta wa kamfanin arha tambayoyin Kawu, na ƙara da tawa a kan inshorar rasa lasisi in likita ya hana ni tashi. In amsarsu ta fito fili a rubuce, su zan bi. Gobe zan je ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, in duba takarduna.