Faifan da babu na biyunshi

Ranar da na fara zama shagon buga faifan DVD na maigidana nan Maradi, can wajen Sabon Gari, bai bari na taɓa kwamfuta ba ko kaɗan. Faifai guda ya miƙo mini ya ce riƙe mu gani. Na kama shi kamar yadda ake kama faranti, yatsuna duka bisa gefen mai ƙyalli, sai ya amshe abinshi ya gwada mini, yatsa guda cikin ramin tsakiya, babban yatsa a baki, shi ke nan. Cikin 2012 ne, ban daɗe da barin lakkol ba, kawuna ya kai ni wurinshi in koyi sana'a.

Aikin namu a ido ba wani abu ba ne. An yi biki ko suna ko walimar sauka ko tarbar alhazai, mai kamara ya ba masu gida faifai ɗaya ko biyu, su kuma dangi na Tasawa da Dakwaro da Yamai da Katsina kowa na son nashi, har waɗanda suka tahi bida Libiya ana aika musu, to sai a kawo muna mu buga kwafi biyar, goma, wani lokaci ashirin in gidan babba ne.

Kuskurena na farko sati guda da farawa na yi shi. Na buɗe faifan a kwamfuta na ga wata jaka mai suna VIDEO_TS, ciki akwai manyan fayil masu VOB a ƙarshe da wasu 'yan ƙanana masu IFO da BUP, na ce ai manyan su ne bidiyon, ƙananan nan tarkace ne, na kwashi manyan kawai na ɗora bisa sabon faifai. A kwamfuta ya yi lafiya lau. Mutumin ya kai gida lektar ɗinshi, wato na'urar kallon faifai, ta ƙi karɓa. Ashe ƙananan nan su ne ke gaya ma lektar inda za ta fara da inda za ta bi, don bidiyon an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce giga 1 ba. Daga nan maigida ya koya mini ɗauko faifan gaba ɗaya ya zama fayil guda, wanda ake ce ma ISO, da Nero ko ImgBurn, a aje shi cikin kwamfuta, sannan daga shi ake buga ko nawa ake so. Ya ce in riƙe wanga da kyau. Na ji da kunne amma bai shiga ba tukuna.

Sauran abubuwan da hannu ake koyonsu. DVD an rubuta 4.7 giga a jikinshi amma kwamfuta 4.38 za ta gwada maka, kuma awa biyu ne yake ɗauka da hoto mai kyau, in ka matsa mishi awa uku da rabi fuskar amarya za ta koma kamar an shafa mata ƙasa. Akwai mai hawa biyu na 8.5 amma ya fi tsada kuma ba kowace lektar ke son shi ba. Masu neman sauƙi su ce a yi musu VCD, faifan mega 700, minti 80 ya cika. In faifai an rubuta 16x, wato gudun bugawa, kar ka biye mishi, buga a 4x ko 8x, ka ƙara 'yan mintoci amma tsofaffin lektar na gidaje za su karanta. Kuran kuwa, wato lantarki, in ya tahi ana tsakiyar bugawa wannan faifan ya mutu, sai shara, shi ya sa ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ta fi komi daraja a shagon. Ba a rubutu da biro bisa faifai sai maka mai taushi, musamman CD da bayanan ke kusa da saman nan inda ake rubutun. Kuma gogewa daga tsakiya zuwa baki ake yi, ba a zagayawa.

Abin da ya sa nike wanga rubutu dai wata Hajiya ce.

Wata ranar Alhamis cikin zafin Afrilu, irin wanda ke wuce digiri 40 fanka na hura maka wuta, maigida ya tahi Jibiya sayen kaya ya bar ni ni kaɗai. Ta zo da faifan auren ɗiyarta cikin leda, ba kwali, ta ce ɗana kwafi shida nike so, gobe akwai mai tahiya Damagaram da zai kai ma 'yan uwa. Mutane sun cika shagon, masu son a sa musu waƙa a salula, masu hoto, ni kuma ina son in gwada ma maigida na iya riƙe wuri. Sai na sa nata a lektar ɗin sama, sabo a na ƙasa, na yi ta bugawa kai tsaye ba tare da na aje ISO ba. A na farko na'urar ta yi ƙorafin ta kasa karanta wani wuri, na latsa mata ta tsallake duk inda ya gagara. Tantancewar da ake sa ta yi bayan bugawa, wadda ke gwada kwafi da asali, ita ma na cire don tana cin lokaci. Na sa guda a tele na kalli minti biyar na farko, 'yan mata na ta rawa, hoto tas, na sa su a kwali na ba ta. Ta biya har da ƙarin dala ashirin ta ce in sha ruwa, ta sa mini albarka.

Abin da ban yi tunani ba a ranar, faifai daga tsakiya yake fara karatu ya nufi baki. Karcen da ke jikin nata can bakin yake, wato ƙarshen bidiyon ya taɓa, ni kuma farko na duba.

Bayan sati uku ta dawo. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ma maigida, Malam duk shidan wuri guda suke tsayawa, daidai inda Alhaji ke yi ma yarinyar nasiha kafin a kai ta ɗaki. Alhajin ya rasu wata huɗu bayan bikin. Ta ce ni ba rawar nike so ba, muryarshi nike so yaran su riƙa ji. Asalin kuma tunda ta ɗauka an riga an yi kwafi sai ta saki jiki da shi, ya zaga maƙwabta, yara sun sa sun cire, karcen da ke guda ya zama ba iyaka. Aka nemi mai kamarar, ya ce kaset ɗin tuni ya ɗauki wani biki a kanshi.

Dare uku maigida ya yi kan faifan nan. Ya wanke shi da ruwa da 'yar sabulu, ya shanya a inuwa, ya gwada shi a lektar uku dabam-dabam har da wata da ya aro wajen abokinshi, don wurin da wata ta kasa wata takan karanta, ya sa manhajar da ke komawa wuri guda tana ta maimaitawa har ta samu. Ni ina zaune gefenshi, bai ce mini komi ba, kuma bai kore ni in je in kwanta ba. Ya ceto mafi yawan nasihar. Wajen minti biyu ne suka tahi, kuma a cikinsu addu'ar da ya rufe da ita take. Ana ganin ya ɗaga hannu, sai hoton ya tsalle, sai ga mata na shafawa. Da na aje ISO ran nan, ko da na tsaya na duba abin da na'urar ke ƙorafi a kai lokacin da karcen ke guda ɗaya tak, wataƙila da an same ta. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina wallahi.

Tun daga nan duk faifan da ya shigo hannuna nike ɗaukarshi a matsayin shi kaɗai ne ya rage a duniya, don sau da yawa hakan ne. ISO tukuna kafin komi. Ina duba farko da tsakiya da ƙarshe, ƙarshen ma ya fi. Kuma ina gaya ma mai shi, wanga uwa ce, a sa ta kwali a kulle cikin akwati inda rana ba ta kaiwa, kwafin ake kallo, shi ake ba da aro.

Aje bikin mutane cikin kwamfutarka kuma wani nauyi ne na dabam. Matan aure ne ciki, sun saki jiki a wurin da ba maza. Wani saurayi ya taɓa zuwa da jaka biyu a hannu wai a buga mishi bikin wani gida da ya ji an kawo muna, maigida ya ce mishi samari wanda ya kawo faifai shi kaɗai ke da ikon cewa a ƙara, je ka zo da shi. Bai dawo ba. Ni ma yanzu sai na tambayi mai abu, in aje ko in goge, in ya ce goge a gabanshi nike gogewa.

Yanzu ba mai cewa a buga mishi goma, kowa WhatsApp, shi kuma matse bidiyo yake yi har ya lalace sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Aikin ya juya, tsofaffin faifan ake kawowa a maida su bisa kile, wato filashin USB, ko katin salula, don sinadarin da ke riƙe bayanan cikin faifan da aka buga yana lalacewa da zafi da haske, sabbin kwamfutoci ma ba su da wurin sa faifai. Masu faifan auren iyaye a ƙasan gado don Allah ku fiddo su tun suna karantuwa, kuma a aje wuri biyu, kile ma ɓacewa yake.

Da safen nan wani bawan Allah ya kawo guda, na bikin sunan ɗanshi na fari, na juya na ga rubutun hannuna ne a kai, 2013. Bakin ya fara canza launi. Shina cikin lektar yanzu haka, ya kai kashi 87 ya rage gudu, na ce ma mutumin ya je ya dawo bayan la'asar.