Saƙon Godiya Daga Iyali Bayan Jana'izar Mahaifinmu

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga Baba Fasto da uwargidansa, da dattawan ikilisiya, da Zumuntar Mata, da Zumuntar Matasa, da ƙungiyar mawaƙa, da dangi da maƙwabta da abokan arziki na kusa da na nesa.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da jikoki nake rubuta wannan saƙo, domin in miƙa godiyarmu saboda yadda kuka tsaya tare da mu tun daga lokacin da ciwo ya kwantar da Baba har zuwa ranar da Ubangiji ya kira shi gida, muka kai shi makwancinsa. Mun so mu bi ku gida gida kamar yadda ya dace, amma yawanku ya fi ƙarfin ƙafafunmu, kuma akwai waɗanda suka yi mana alheri ba su bar suna ba. Saboda haka muna roƙon kowa ya karɓi wannan rubutu a matsayin zuwanmu ƙofar gidansa.

Zan fara da waɗanda suka yi jinya tare da mu, domin aikinsu ne mutane kaɗan suka gani. Duk wanda ya taɓa jinya mai tsawo ya san cewa a farkonta ɗaki yakan cika da masu dubiya, amma idan ciwo ya daɗe sai ƙafa ta riƙa ɗaukewa, ba don mugunta ba, sai don kowa yana da nasa hidimomin. A wannan lokaci ne muka san wasu daga cikinku da kyau. Dattawa sun ci gaba da kawo wa Baba Jibin Ubangiji har kan gadonsa bayan ya daina iya zuwa sujada, kuma ba su yi shi da gaggawa kamar masu sauke nauyi ba, sukan zauna su ba shi labarin ikilisiya, su nemi shawararsa a kan al'amura, har ya riƙa jin cewa ana bukatarsa. Matasa sun raba kwana a asibiti tsakaninsu domin Mama ta samu ta runtsa, wasu kuma sun ba da jininsu da aka nema ba tare da an roƙe su sau biyu ba. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun riƙe gidan, sun kula da jikoki, sun yi wanki da shara, ayyukan da ba a karanta su a sanarwar ranar Lahadi. Muna kuma godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, waɗanda suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka kuma gaya mana gaskiyar halin da ake ciki cikin ladabi da lokacin faɗinta ya yi. Maƙwabtanmu Musulmi sun zo dubiya, sun zo ta'aziyya, sun buɗe mana ɗakunansu domin saukar baƙi. Allah ya saka musu da alheri.

Ga masu ta'aziyya, muna da godiya ta musamman ga waɗanda suka zo suka zauna kusa da Mama ba tare da dogon jawabi ba. Littafin Ayuba ya nuna cewa abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai da dare bakwai ba wanda ya ce masa uffan, domin sun ga baƙin cikinsa ya yi tsanani. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa, domin da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa, ƙarshenta Ubangiji ne da kansa ya tsawata musu a sura ta 42. Ina faɗin haka ne domin an samu 'yan kaɗan da suka ja mu gefe suna cewa wannan ciwo ba haka kawai ya zo ba, lalle akwai hannun wani a ciki, ko kuwa akwai abin da ba mu yi daidai ba wajen addu'a. Mun san ƙauna ce ta kawo su, kuma muna gode musu da zuwan, amma iyalinmu ba za su ɗauki wannan magana ba. Sa'ad da almajirai suka tambayi Yesu game da mutumin da aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya amsa musu cewa ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Baba ya tsufa, ya yi ciwo, an yi magani, an yi addu'a, Ubangiji kuma ya ɗauki abinsa. Ba mu zargin kowa.

Baba Fasto, muna gode maka saboda wa'azin ranar jana'iza. Ka tuna mana cewa Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana su shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege (1 Tasalonikawa 4:13), ka kuma tuna mana cewa Yesu ya zub da hawaye a Betanya saboda Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a wannan rana. Kafin wannan wa'azi ana ta ce wa Mama ta daina kuka domin mai bi ba ya kuka. Bayansa sai aka ƙyale ta ta yi kukanta, kuma mun ga sauƙin da hakan ya kawo mata. Mawaƙa kuma, Allah ya ƙara muku murya, kun rera waƙoƙin da Baba yake so kamar dai kun tambaye shi.

Yanzu sai in zo ga abin da ya fi damuna in faɗa. A Galatiyawa 6:2 an umarce mu mu ɗauki nauyin juna, amma ayoyi uku kacal bayan haka, a aya ta 5, aka ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Kun cika ta farkon a kanmu har kun wuce abin da muka zata, ta biyun kuwa tamu ce, kuma ba ma so alherinku ya zame mana wurin ɓuya daga gare ta. Dattawa sun zo mana da shawarar sa sunan Mama cikin jerin gwauraye da ikilisiya take taimakawa. Wannan karamci ne, kuma aiki ne mai tsohon tushe, tun da a Ayyukan Manzanni sura ta 6 saboda gwauraye ne aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas da Filibus, domin kada a manta da kowa wajen rabon yau da kullum. Amma Bulus ya rubuta wa Timoti cewa idan gwauruwa tana da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara koyon nuna ibada a cikin gidansu ta wurin sāka wa iyayensu, kada kuma a ɗora wa ikilisiya nauyi, domin ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa (1 Timoti 5:4, 16). Mama tana da 'ya'ya, muna raye, muna da lafiya, muna kuma da abin yi. Cinta da suturarta da maganinta a wuyanmu suke, mun zauna mun raba su tsakaninmu a gaban kawunanmu, kuma mun ba dattawa izini su tambaye mu idan suka ga mun yi sakaci. Gurbin da aka so a ba ta, muna roƙo a ba wata uwar da ba ta da mai duba ta. Haka kuma gudummawar da aka tara domin jinya da jana'iza, an rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, mun miƙa lissafin ga ma'ajin ikilisiya, ragowar kuma Mama ta ce a sa ta cikin asusun gwauraye da marayu.

Wannan ba ya nufin ku ɗauke mata ƙafa. Abin da 'ya'ya ba za su iya ba ta ba shi ne hirar tsararrakinta da addu'ar 'yan'uwan da suka yi shekaru suna zama benci ɗaya da ita, kuma kewa takan fi tsananta ne bayan baƙi sun watse. Zumunta a ƙafa take. Yakubu 1:27 ma ziyarar marayu da gwauraye cikin wahalarsu ya ambata, saboda haka ƙofar gidan a buɗe take gare ku kamar yadda take a zamanin Baba.

Idan akwai wanda yake bin Baba bashi, ko ya ba shi ajiya, ko suna da wata magana da ba su ƙarasa ba, muna roƙonsa ya same ni ko ɗaya daga cikin dattawa, kada kunya ta hana shi, domin haƙƙinsa ne kuma mun ɗauki nauyin biya. Wanda Baba ya ɓata wa rai, muna neman gafara a madadinsa. Waɗanda kuma suka ɓata masa, ya gaya mana da bakinsa tun yana kwance cewa ya yafe.

Akwai kuma aikin da ya bari. Yawancinku kun san cewa Baba ya daɗe yana ziyarar marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya zuwa majami'a, ba tare da an naɗa shi kan wani muƙami domin wannan ba. Yana da ɗan littafi da yake rubuta sunayensu da ranar da ya je wurin kowannensu, kuma tun da ya kwanta wasu daga cikinsu ba su sami mai leƙa su a kai a kai ba. Mun miƙa littafin ga dattawa. Ni da ƙannena mun ɗauki wasu sunaye, amma sauran suna nan, kuma ba aiki ne da za a bar wa Baba Fasto shi kaɗai ba. Duk wanda zai iya ɗaukar ko da mutum ɗaya, sai ya ga magatakardan ikilisiya bayan sujadar Lahadi, a ba shi suna da kwatancen gida.

Ubangiji ya sāka wa kowannenku, ya mai da waɗanda suka yi tafiya gidajensu lafiya.

Ni ne ɗansa na fari, a madadin Mama da iyali baki ɗaya.