Riga mai lamba 22

Yau ina ninke kayan wanki sai na ci karo da rigar besbol ɗin autana, wadda na saya masa a bakin filin ƙungiyar Yankees nan Bronx, a New York. Lamba 22, ta ɗan wasa Juan Soto, ce kawai a bayanta, ko suna babu, don su Yankees haka al'adarsu take. Na tsaya riƙe da ita, na tuna Disambar 2023, lokacin da Yankees suka miƙa wa ƙungiyar San Diego 'yan wasa biyar, har da Michael King, aka karɓo Juan Soto da Grisham. Ni da hankalina ke kan ƙwallon ƙafa, sai da yaron nan ya tashe ni da dare: "Baba, mun samu Soto!"

Kuma wallahi mutumin ya yi aiki. Sau 41 yana dukan ƙwallo ta tsallake katanga, ya kai mu wasan ƙarshe na gasar, ƙungiyar Dodgers ta cinye. Kakar wasa ɗaya tak, sai ya tsallaka ƙungiyar Mets kan dala miliyan 765. Mutum biyar saboda baƙon shekara guda! Ban sani ba ko riba aka ci. Rigar dai ta yi wa yaron kaɗan yanzu, amma na kasa bayar da ita.