Kwamfuta ɗaya a gida: wa ya kamata ya riƙe admin?

Yawancin laftof ɗin da ke gidajenmu a Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas tokumbo ne, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje, daga Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba. Kusan duk a yanayi ɗaya suke zuwa: mai sayarwa ya ɗora Windows, ya buɗe asusu guda mai suna User ko Admin, babu kalmar sirri, ya miƙa maka. Haka ake kai ta gida. Maigida ya yi lissafin kaya ya duba banki a kanta, uwargida ta adana hotunan biki, yaro ya yi atisayen JAMB, ƙanin maigida da ya sauka daga Arewa ya sauke wasanni. Duk a asusu ɗaya, kuma asusun mai cikakken iko, wato admin.

Ga inda matsalar take. Duk manhajar da aka buɗe tana aiki ne da ikon asusun da ya buɗe ta. Idan yaro ya sauke wasan bogi a asusun admin, ya danna Yes, wasan ya samu damar taɓa tsarin Windows gaba ɗaya, ya kashe kariya, ya leƙa foldar kowa. Idan kuwa a asusun gama-gari yake, wanda Windows ke kira Standard, sai a tsaya a nemi kalmar sirrin admin. Wannan tambayar da ke sa allo ya dushe ita ce UAC, kuma tun Windows Vista take. A asusun admin danna Yes kawai take buƙata, shi ya sa mutane suka saba dannawa ba tare da sun karanta ba. Kada ka kashe ta, ko da wani mai gyara ya ce damu take yi.

Shawararmu ita ce a samu asusun admin guda ɗaya wanda ba a aikin yau da kullum a cikinsa, sannan kowa a gida ya samu nasa na gama-gari, har da maigida. Wannan na ƙarshen ne mutane ke ƙi, suna ganin an rage musu girma a kan kayansu. Amma ai mai shago ba ya barin makullin sito a jikin ƙofa don kawai shagon nasa ne. Maigida ne ya fi kowa buɗe saƙonnin imel da takardun da abokan ciniki suka turo, kuma a burauzarsa ne bayanan kuɗi suke.

Tsarin da za ka bi yana da muhimmanci, don a nan ake kulle kai a waje. Ka fara da sabon admin. A Windows 11 ka shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, ka danna Add account. A Windows 10 wurin ana ce masa Family & other users. Za a tambaye ka imel ɗin mutumin. Ka zaɓi I don't have this person's sign-in information, sannan Add a user without a Microsoft account. Ka ba asusun suna, ka sa kalmar sirri, ka amsa tambayoyin tsaro guda 3. Sabon asusu yana fitowa ne a matsayin gama-gari, don haka ka danna shi, ka zaɓi Change account type, ka mai da shi Administrator.

Yanzu ka fita daga naka, ka shiga sabon. Ka tabbatar kalmar sirrin ta buɗe, ka kashe kwamfutar ka kunna, ka sake gwadawa. Sai bayan haka, daga cikin sabon admin ɗin, za ka mai da tsohon asusunka Standard. Fayilolinka, hotunanka da manhajojinka suna nan yadda suke, iko ne kawai ya ragu. Daga nan sai ka buɗe wa sauran mutanen gida nasu ta hanya ɗaya. Don ka tabbatar da waɗanda ke da iko, ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta net localgroup administrators. Sunan Administrator da za ka gani a jerin na Windows ne kansa, a kashe yake zuwa. Wasu masu gyara sukan kunna shi su manta, babu kalmar sirri. In ka gan shi a allon shiga, ka buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta net user administrator /active:no.

Tambayoyin tsaro suna buƙatar tunani. Irin su garin da aka haife ka ne, ko sunan makarantarka ta farko, kuma a gida kowa ya san amsar. Yaro ɗan shekara 12 zai iya sauya kalmar sirrinka da su cikin minti biyu. Ka ba da amsar da ba ta da alaƙa da tambayar, ka rubuta ta tare da kalmar sirrin admin a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun haya. Uwargida ko wani babba guda ya san wurin. Mutum kan yi tafiya Kano ko Sakkwato na wata guda, kwamfuta ta nemi admin, aikin makarantar yara ya tsaya.

In ka manta kalmar sirrin asusun gama-gari, abu ne mai sauƙi, admin zai sauya ta. In ta admin ɗin ce ta ɓace kuma shi kaɗai ne, ga wahala. Idan asusun Microsoft ne, za ka iya sauya ta a intanet daga wayarka, muddin lambar waya ko imel ɗin da ka yi rajista da shi yana hannunka. Da yawa sun rasa asusu saboda layin da suka sa ya daɗe da mutuwa. Akwai kuma BitLocker, tsarin Windows na kulle ma'ajiyar kwamfuta. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle ma'ajiyarsu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, su tura makullin ceto mai lamba 48 can cikin asusun. In mai sayarwa ya yi amfani da nasa imel wajen saita ta, makullin yana wurinsa. Ranar da aka sauya wani abu a BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ko aka yi babban gyara, allo mai shuɗi yana iya neman lambar, kuma babu mai gyaran da zai ciro maka fayilolinka ba tare da ita ba. Ka duba yanzu, ka kwafe lambar a takarda. Ka kuma leƙa Access work or school a ƙarƙashin Accounts. Tokumbo da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, in ka ga sunan wani kamfani a can, yana iya kasancewa har yanzu suna da iko a kanta. Irin wannan gara a mayar wa mai sayarwa tun da wuri.

Ga yara, asusun gama-gari ya isa hana su ɗora yawancin manhajoji. In kana son ƙayyade awoyi ko toshe shafuka, sai ka buɗe musu asusun Microsoft ka haɗa da Family Safety, tsarin Microsoft na sa ido kan yara, amma tace shafukan a burauzar Edge yake aiki. Baƙo kuwa, a buɗe asusu ɗaya na gama-gari a sa masa suna Baki, domin asusun Guest na da ba ya aiki tun Windows 10. Abin da kowa ke buƙata, kamar karatun Alƙur'ani ko hotunan gida, a zuba shi a C:\Users\Public.

Kada dai a ɗauka an gama tsaro. Wasu manhajoji, irin su Chrome, suna iya ɗora kansu a cikin foldar mai asusu ba tare da admin ba. Muguwar manhaja ma tana iya lalata fayilolin asusun da ta shiga, ko ta sace kalmomin sirrin burauzarsa. Abin da rabon asusun ke yi shi ne hana ɓarnar tsallakawa zuwa ga kowa. Ajiye kwafin muhimman abubuwa a filash ko wata ma'ajiya ta waje yana nan daram. Haka kuma in kwamfutarka Windows 10 ce, Microsoft ta daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma rabon asusu ba zai toshe wannan giɓin ba.

Wuta ma ta shafi wannan magana. Switch user, wato sauya asusu ba tare da fita ba, yana barin asusun farko a buɗe a bayan fage, yana cin RAM, ma'ajiyar aikin wucin gadi ta kwamfuta. A kwamfuta mai 4GB, mutum biyu sun isa su sa ta rarrafe. In NEPA ta ɗauke wuta kuma batirin ya mutu, kamar yadda yake a yawancin tokumbo, aikin da ba a adana ba na duka biyun ya tafi. A koya wa kowa Sign out in ya gama, da Windows + L in zai tashi na ɗan lokaci. Mutuwar kwamfuta ta bazata takan lalata asusu, ka shiga ka ga an rubuta an sa ka a temporary profile, allonka fayau. Kada ka adana komai a wurin, yana gogewa da ka fita. Ka sake kunna kwamfutar sau ɗaya ko biyu. In bai gyaru ba, ka shiga ta admin, ka kwashe fayilolin daga C:\Users, ka buɗe wa mutumin sabon asusu. 

In za ka kai gyara, ka buɗe wa mai gyara asusu na wucin gadi maimakon ka ba shi kalmar sirrinka, ka goge shi in ta dawo. Ka sani dai duk admin yana iya buɗe foldar kowa, saboda haka takardun sirri a cire su tukuna, a kuma fita daga imel da banki a burauza. Wajen gogewa ka lura da maɓallin, Delete account and data aka rubuta, kuma yana tafiya da Desktop, Documents, Downloads da hotunan mai asusun, ba ya bi ta Recycle Bin. In sayar da kwamfutar za ka yi, goge asusu bai isa ba. Ka nemi Reset this PC a ƙarƙashin Recovery, ka zaɓi Remove everything, ka kunna zaɓin Clean data, ka jona ta a wuta ko janareta domin yana iya ɗaukar awoyi.